Kwikwiyon Gidan Yayata: Daga Daren Farko a Keji Zuwa Ranar da Aka Bar Masa Ƙofa a Buɗe

Ranar da yayata ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ka zo ka ɗauke mana wannan abin, ko in sa a mayar da shi inda aka samo shi." Abin da take nufi kwikwiyo ne da maigidanta ya sayo kwana huɗu kafin nan. Gidansu yana bayan garin Zariya ta wajen hanyar Shika, sabuwar unguwa ce wadda gidaje ba su haɗe ba tukuna, kuma a bayan gidan suna da ɗakin kaji masu ƙwai da 'yan awaki. Sau biyu a damina aka haura musu katanga aka kwashi kaji, shi ya sa Alhaji ya ce a yi kare. Ni aikina duba lafiyar dabbobi ne, don haka idan dabba ta tayar da hankali a dangi, ni ake nema.

Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko, domin a makon farkon nan ne akasarin mutanenmu ke yanke ƙauna da kwikwiyo. Wasu su mayar da shi, wasu su ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya, ya tashi yana kwana cikin ƙazantarsa har ya girma.

Abin da na tarar

Na isa bayan la'asar, a farkon watan Disamba, hunturu ya fara kankama. Kwikwiyon yana can ƙarshen gida cikin tsohon kejin kaji na ƙarfe mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Tun kafin in ƙarasa wari ya tarbe ni. A kusurwa ɗaya akwai buhu jiƙe sharkaf da fitsari, a ɗaya kusurwar kashi mai ruwa-ruwa, ya taka ya shafa ko'ina har bayan kunnuwansa. Ruwa biyu ne, uban irin karen Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan, uwar kuma karyar gida. Cikinsa ya kumbura kamar ƙwarya alhali ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, gashinsa ba sheƙi. Da na miƙa hannu sai ya maƙale a jikin ƙarfe yana rawar jiki.

Na zauna da mutanen gidan na yi ta tambaya. Mai sayarwa ya ce musu makonsa goma. Na sa Alhaji ya kira shi ya tambayi ranar da uwar ta haihu, muka ƙirga, sai ga mako bakwai da 'yan kwanaki. An raba shi da uwarsa da wuri ke nan, domin abin da ake so kwikwiyo ya cika mako takwas tare da ita da 'yan'uwansa. Da safe ana ba shi koko da madarar gari. Da dare kuma, misalin ƙarfe tara bayan kowa ya ci, a haɗa masa ragowar tuwo da miya a cika kwano, a ajiye masa ruwa, a rufe keji ƙarfe tara da rabi. Ba a sake waiwayarsa sai bakwai na safe. Yakan kwana yana kuka har maƙwabta sun fara magana. Da rana a sake shi a tsakar gida, ya yi inda ya ga dama. Abin da ya ƙure haƙurin Yaya shi ne ranar da ya tsuguna a kan tabarmar da take salla, inda autarta mai wata goma sha ɗaya take rarrafe.

Baba maigadi, dattijo ne da ya taɓa kiwon karnukan farauta a ƙuruciyarsa, shi ya ɗauki nauyin ladabtarwa. Duk inda aka ga kashi sai ya kamo kwikwiyon ya dangwala masa hanci a ciki, ya tsula masa tsumagiya. Zuwa kwana na uku kwikwiyon ya daina yi a gaban mutane, ya koma bayan randa da ƙarƙashin injin ban ruwa.

Inda matsalar take

Kwikwiyo idan an haife shi ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta lashe shi. Wajen mako uku yake fara rarrafowa daga makwancinsu ya ɗan matsa gefe kafin ya tsuguna. Babu wanda ke koya masa wannan, haka Allah Ya halicce shi, ba ya son ɓata inda yake kwana. Wajen mako takwas zuwa tara kuma yake kama irin wurin da zai saba yi a kai, ko yashi, ko ciyawa, ko siminti, ko tabarma idan ita ya samu. Duk hikimar kwana a keji a kan wannan ɗabi'a aka gina ta. Ana sa shi inda zai ɗauka makwancinsa ne, sai ya riƙe, kai kuma ka zo ka fitar da shi kafin ƙarfinsa ya ƙare, ka kai shi inda kake so ya saba.

Sharaɗi biyu ne, kuma duka biyun an karya su a gidan Yaya. Na farko girman keji. Idan ya yi faɗi, kwikwiyo zai mai da gefe ɗaya ɗaki, ɗaya gefen ban ɗaki, kuma a ganinsa bai ɓata makwanci ba. Na biyu lokaci. Masu horar da karnuka suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: ka ƙirga watannin kwikwiyo ka ƙara ɗaya, adadin awannin da zai iya riƙe fitsari ke nan idan ya yi ƙoƙari. Mai wata biyu awa uku. Barci yakan ɗan ƙara masa, sanyi kuma yakan rage, domin jiki ya fi yin fitsari a lokacin sanyi. Wannan kuwa ana rufe shi awa tara da rabi, da cikakken ciki, a daren hunturu. Mafitsararsa ba ta kai girman ƙwan kaza ba. Ko babban kare aka yi wa haka bayan ya sha ruwa ya ƙoshi, an takura shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwanakin da ya riga ya yi cikin ƙazanta. Kwikwiyon da aka tilasta wa kwanciya a kan kashinsa dare bayan dare yakan daina ƙyamar abin, kuma idan wannan ƙyama ta mutu, keji ya tashi daga aiki. Irin waɗannan na sha gani, gyaransu yakan ɗauki watanni. Mun ci sa'a kwana huɗu ne kawai, kuma har lokacin yana ƙoƙarin yi a kusurwar da ta fi nisa da buhunsa.

Sai batun ciki. Karnuka da yawa ba sa narkar da madarar shanu yadda ya kamata bayan yaye, takan sa su zawo. Miyarmu kuma akwai albasa, wadda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga barkono ga gishiri mai sa ƙishirwa. Kumburin cikin nan kuwa alamar tsutsa ce. Doguwar tsutsar ciki ta karnuka tana shiga jikin kwikwiyo tun yana cikin uwarsa, shi ya sa ake fara ba su magani tun suna mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har mako takwas, sannan wata-wata har su kai wata shida. Wannan ba a taɓa ba shi ba. Mai zawo ba a koya masa riƙewa, sai an gyara cikin tukuna.

Da na gama bayani sai Baba ya ce, "Likita, ai ya san ya yi laifi. Dubi yadda yake sunkuyar da kai in na zo."

Na ce, "Baba, ku kuka riga mu sanin kare, amma wannan sunkuyar da kan tsoronku ne yake ji." Na ba shi labarin wani gwaji da wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta wallafa a 2009. Karnuka 14 ta yi aiki da su. Mai kare zai hana karensa cin wani abu ya fita daga ɗaki, idan ya dawo a gaya masa kare ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a faɗa masa akasin abin da ya faru. Abin da aka gani shi ne karnukan suna yin wannan fuskar ta mai laifi ne idan aka yi musu faɗa, ko sun ci ko ba su ci ba. Kare yana haɗa aiki da sakamakonsa ne idan sun zo a tare, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kashin da ya yi rabin awa da ta wuce ya riga ya fita daga kansa. Abin da tsumagiya ta koya wa wannan kwikwiyo guda ɗaya ne, cewa tsugunawa a gaban mutum haɗari ne. Mu kuwa abin da muke buƙata daidai shi ne ya tsuguna a gabanmu, a inda muka kai shi, da tsakar dare. Baba ya yi shiru, can ya ce zai gwada namu ya gani. Dattijon kirki ne, tun ranar bai sake ɗaga masa hannu ba.

Inda za a ajiye kejin

A nan muka fi daɗewa muna shawara. Abin da Turawa masu horar da karnuka ke cewa shi ne a ajiye kejin kwikwiyo a gefen gadon mai shi a makonnin farko. Wannan ba zai yiwu a gidan Yaya ba, kuma ban nemi ya yiwu ba. An yi rangwame a addini kan karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona, ba a kan kare a ɗakin kwana ba. Malaman Malikiyya da muke bi suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne a duka mazhabobi huɗu. Ƙorafin Yaya a kan gaskiya yake, kuma na gaya mata cewa wannan horon shi ne zai kare mata tsarkin tsakar gidanta.

Sai na duba me ake nema da ajiye keji kusa da gado. Abu biyu ne: kwikwiyon da bai taɓa kwana shi kaɗai ba ya ji akwai mai rai kusa da shi, sannan mutum ya ji motsinsa idan ya farka. Duka biyun ana iya samunsu ba tare da ya shiga ɗaki ba. Babban ɗan Yaya, mai shekara 16, yana kwana a shagon samari kusa da zaure, kuma gadonsa yana jikin taga. Muka ajiye kejin a baranda, daidai ƙarƙashin tagar. Tsakanin kan yaron da kwikwiyon bai fi taku biyu ba, bango ne kawai ya raba su.

Na tambaye shi, "Za ka iya tashin dare na wata biyu?"

Ya ce, "Kawu, in dai ba za a mayar da shi ba, zan iya."

Kejin muka wanke tas muka shanya. Muka samo falankin katako muka datse kejin da shi, aka ɗaure da waya, ya rage wurin da zai ishe shi ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, ba ƙari. A ƙasa muka sa katako don kada ƙafarsa ta faɗa tsakanin ƙarafa, a kai tsohon bargo. Muka rufe sama da gefe uku da buhunan abincin kaji saboda iska, muka bar gaba a buɗe. Kowane dare ana cika robar ruwa da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma a sa masa, ya jingina da ita kamar yadda ya saba jingina da 'yan'uwansa. Baba ya kawo shawarar a ajiye masa kaskon gawayi, na hana, saboda hayaƙin gawayi a wurin da aka lulluɓe yana kisa, ga buhu kusa da wuta. Na kuma ce kada a bar masa igiya ko abin wuya a cikin keji, yakan maƙale a ƙarfe ya shaƙe shi.

Wurin bahaya muka zaɓa a lungun katanga bayan gida, nesa da rijiya da madafa, aka zuba baro biyu na yashi. Na nace ya zama cikin gida, domin bai yi rigakafi ba, kuma cutar fabo mai sa ƙananan karnuka amai da zawon jini tana iya zama a ƙasa watanni da yawa inda karnukan unguwa ke yawo. Na ɗebo ɗan tsumman da ya jiƙe da fitsarinsa na binne a saman yashin don hancinsa ya gaya masa abin da ake yi a nan.

Abinci aka raba sau huɗu: bayan sallar asuba, ƙarfe goma, ƙarfe biyu, da na ƙarshe ƙarfe shida kafin magariba. An daina madara da miya. Alhaji ya sayo abincin ƙananan karnuka na buhu, ana jiƙa shi da ruwan ɗumi. Kwikwiyo yakan nemi yin kashi tsakanin minti biyar zuwa rabin awa bayan ya ci, saboda haka wanda ya san lokacin cin ya san lokacin fitar. Ruwa yana gabansa duk yini, a ɗauke ƙarfe takwas bayan isha'i. Fita ta ƙarshe ƙarfe goma. Da rana na hana a kulle shi a keji fiye da awa biyu a jere. Muka kewaye wani yanki da ya haɗa da yashin da ragar waya, da inuwa, can yake yini idan babu mai sa masa ido. Keji wurin barci ne, kuma ina ƙin ganin dabbar da aka mayar wa shi kurkuku.

Yaron ya ware tsohuwar jallabiya da silifas na wannan aiki kaɗai, yana rataye su a ƙusa a baranda, da sabulu da buta a gefe. Kayan sallarsa ba sa haɗuwa da su. Wannan ƙaramin tsari ya kwantar wa mahaifiyarsa da hankali fiye da duk bayanin da na yi. Na ba shi littafin makaranta na ce kowace fita ya rubuta lokaci da abin da aka yi, fitsari ko kashi ko babu. Daga wannan littafi na ɗauko abin da ke biye.

Dararen farko

Daren farko mun sa ƙararrawar waya sha biyu da rabi da kuma ƙarfe uku. Da aka rufe shi ya yi kuka kusan minti arba'in. Yaron bai fito ba, ta taga yake yi masa magana ƙasa-ƙasa jefi-jefi har ya yi shiru. Sha biyu da rabi ya ɗauke shi cak a hannu, domin idan aka bar shi ya taka da ƙafarsa a hanya zai tsuguna. Ya sauke shi a kan yashi ya ce, "Yi maza." Kwikwiyon ya tsaya yana kallonsa, ya ƙi. Tsoron tsumagiya ne bai sake shi ba. Yaron ya juya masa baya ya haska tocila wani gefe, sai ya ji ƙarar fitsari a kan yashi. Yana gamawa ya sa masa ɗan guntun dafaffiyar hanta a baki, a nan inda yake tsaye. Da ya jira sai sun koma baranda, da ladan komawa keji ya ba shi.

Ƙarfe uku ya tarar bargo a jiƙe, har ya fara sanyi. Washegari ya kira ni murya a sanyaye. Na ce masa lissafinmu ne ya zarce ƙarfin kwikwiyon, mu za mu gyara. Muka koma fita uku: sha biyu da kwata, biyu da rabi, biyar saura kwata. Baba, tunda dama idonsa biyu a bakin ƙofa, ya karɓi ta farko, yaron ya riƙe biyun. Daga dare na biyu zuwa na takwas bargo bai sake jiƙewa ba.

Maganin tsutsa na ba shi tun ranar da na zo, gwargwadon nauyinsa. Washegari da hantsi yaron ya turo mini hoto: tsutsotsi farare dogaye kamar taliya, a nannaɗe cikin kashin, wasu na motsi. Na ce ya nuna wa mahaifiyarsa, ko da ba za ta so gani ba. Na yi mata bayani cewa ƙwan wannan tsutsa yana iya shiga jikin yaro mai wasa da ƙasa yana kai hannu baki, kuma yakan taɓa hanta ko ido. Amma ƙwan ba ya zama mai cutarwa ranar da ya fito, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa. Idan ana kwashe kashi kullum, an katse masa hanya. Tun ranar ita da kanta take tambaya kowace safiya ko an kwashe. Ana ɗebewa da shebur har da yashin da ke ƙasansa a zuba a rami mai zurfi a rufe. Kwana uku bayan maganin da canjin abinci kashin ya daskare, ya tsaya sau huɗu a yini, kuma na dare ya ɗauke gaba ɗaya. Da cikin ya lafa na yi masa allurar rigakafi ta farko, bayan mako biyu na maimaita maganin tsutsar.

Komawa baya

A dare na tara littafin ya canza, kwikwiyon ya fara tashin yaron da kuka a kai a kai. Fita ƙarfe ɗaya, babu komai. Ƙarfe biyu, ɗan fitsari kaɗan. Uku da rabi, babu komai. Haka dare na goma da na sha ɗaya, yaron har idanunsa sun faɗa. Abu na farko da ya zo mini shi ne ciwon mafitsara, wanda ke sa kwikwiyo yawan tsugunawa yana ɗigo kaɗan-kaɗan, wani lokaci da yunƙuri ko jini. Na je na duba shi da rana. Fitsarinsa lafiya lau, yana yi da yawa lokaci guda, babu zazzaɓi. Matsalar da dare kawai take.

Na ce wa yaron, "Gaya mini duk abin da kake yi daga buɗe keji zuwa rufewa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, tausayi yake ba ni. In ya gama nakan ɗan zauna da shi, yana jan silifas ɗina. Wani lokaci ko bai yi ba nakan ba shi hantar."

An zo wurin. Kwikwiyon ya gano cewa kuka yana kawo aboki da wasa da nama. Ban ga laifin yaron ba, zuciya mai kyau ce ta ja shi, amma dole a gyara. Na ce fitar dare ta zama mara daɗi: ba magana sai "yi maza", ba shafa, ba haska masa fuska. A sa masa igiya a tsaya wuri ɗaya a kan yashi minti uku zuwa biyar. Idan ya yi, a ba shi ladansa a mayar. Idan bai yi ba, a mayar ba lada. Wasan duka a tara masa shi da yamma, tsakanin isha'i da ƙarfe goma, kada a bar shi ya yi barci a lokacin, don ya shiga keji a gajiye.

Tambayar da yaron ya yi mini ita ce wadda kowa ke yi, yaya zai bambance kukan matsuwa da na neman wasa. Na matsuwa yakan zo ne bayan barci mai tsawo, za ka ji ya tashi yana zagaye, yana shinshina, yana ƙaramin kuka mai gaggawa. Na neman wasa yakan fara da an mayar da shi, da haushi da kartar ƙofa, yana yi yana saurarawa ko an taso. Idan ka yi kokwanto, ni a ganina ka fitar da shi. Fita ɗaya ta banza wadda babu wasa a cikinta ba ta ɓata komai, amma barinsa ya jiƙa makwanci yana mayar da aiki baya. Dare biyu ya yi yana gwada sa'arsa, a na uku ya haƙura.

Kuskure na ƙarshe a dare na 16 ya faru. An yini babu wuta, wayar yaron ta mutu, bai farka ba sai kiran salla. Ya tarar da fitsari a keji, kwikwiyon ya takure a ɗan gefen da bai jiƙe ba. Wannan takurewar ta faranta mini rai da na ji, domin ta nuna ƙyamar tana nan da ranta. Ba a yi masa faɗa ba. Aka fitar da bargo da katako aka wanke da garin sabulu, aka ɗauraye, sannan aka zuba bilic irin su Hypo, murfi ɗaya a murfi talatin na ruwa, aka bar shi minti goma, aka sake ɗaurayewa aka shanya a rana. Sai an fara wanke fitsarin kafin a sa bilic, kada a zuba shi kai tsaye a kai, yana tayar da iska mai shaƙe mutum. Idan kuma wari ya saura, ko mu ba mu ji ba shi yana ji, kuma zai ɗauka nan ma wurin yi ne. Alhaji ya sayo agogon tebur mai batir washegari.

Daga nan abin ya tafi sumul. Duk bayan dare uku a bushe sai mu tura kowace ƙararrawa gaba da kwata. Yana mako goma aka koma fita biyu, Baba ya huta. Yana mako 12 saura ɗaya, wajen ƙarfe biyu, kuma a makon na yi masa allura ta biyu tare da ta ciwon haukan kare, wadda ake yi idan kwikwiyo ya cika wata uku. Falankin muna matsar da shi baya yana girma, har aka cire shi. A mako na 14 fitar ta kai uku da rabi, kuma sau da yawa yaron ne ke tashinsa daga barci. Na ce ya daina tashinsa, ya bar kunnensa a taga. A farkon Fabrairu, yana mako 16, ya kwana daga ƙarfe goma har aka idar da sallar asuba, dare bakwai a jere. A makon ya karɓi allura ta uku.

Alhaji ya taɓa tambayata amfanin wannan wahala, tunda karen gadi da dare ake sakinsa, da rana yake barci. Na ce masa mai wata biyu ko uku ba a sakinsa cikin duhu a gidan da ke da maganin ɓera a ɗakin ajiya, da wayoyin wuta, da kaji. Dole ya kwana a rufe har ya yi hankali, kuma a waɗannan watannin ne yake kama wurin da zai riƙa yi har tsufansa.

Bayan mako na 16 muka fara matsar da kejin daga ƙarƙashin taga, taku kaɗan duk bayan dare biyu, har ya isa rumfar da mai walda ya haɗa masa kusa da ɗakin kaji, inda aka yi masa babban makwanci. Da zafi ya shigo a watan Maris na ce a daina ɗauke masa ruwa da dare, domin wannan dabarar ta lokacin sanyi ce, a bazara ƙishirwa ta fi jiƙa bargo haɗari. A tsakiyar watan, yana wata biyar, aka datse hanyar tsakar gida da ƙaramar ƙofar raga, aka bar masa kejin a buɗe. Da asuba Baba ya zagaya bayan gida da tocila, ya duba gindin katanga da bakin ɗakin kaji da wajen turken awaki, bai ga komai ba sai a kan yashi. Yaron ya rubuta hakan a littafin, a ƙasa ya sa ranar da za a sake ba shi maganin tsutsa, sannan ya ɗauki shebur.